Takarduna sun ɓace a filash, mai gyara ya ce in sayi antibayros: yaya zan tsare kwamfutar gida?

Abu Hanifa ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar kwamfuta, domin lamarin ya fi ƙarfin ɗan sanin da nake da shi.

Kwamfuta ɗaya muke da ita a gida, ta tafi-da-gidanka ce ƙirar HP, ta hannu na saye ta, kuma Windows 10 ce a kanta. Ni malamin sakandare ne, a cikinta nake shirya jarrabawa da sakamakon ɗalibai. Uwargida tana rubuta lissafin sana'arta a ciki, yara kuma suna aikin makaranta da kallon bidiyo. Kwanan baya babbar 'yata ta kai filash wani shagon buga takardu domin a fitar mata da aikin makaranta. Da ta dawo na sa filash ɗin a kwamfuta, sai na tarar duk foldodin da ke ciki sun canza kama: kowace tana da 'yar kibiya a gefenta, girmanta kuma bai wuce kilobait ɗaya ko biyu ba. Da na danna ɗaya, wata baƙar taga ta bayyana ta ɓace nan take, sannan foldar ta buɗe kamar ba abin da ya faru. Tun daga ranar, duk filash ɗin da aka sa a kwamfutar haka yake komawa, fankarta kuma ba ta daina ƙugi ko da ba a aikin komai a kanta.

Na kai ta wurin wani mai gyara, ya ɗora mini antibayros guda biyu a kan wanda yake ciki tun da, ya ce in dawo in sayi na kuɗi idan ina son kwanciyar hankali. Yanzu sai ta daɗe ƙwarai kafin ta gama tashi, matsalar filash ɗin kuma tana nan daram.

Shin takardun da ke cikin filash ɗin sun tafi ke nan? Wane antibayros ne ya fi inganci, kuma dole ne sai na kuɗi? Sannan me zan yi kada hakan ta sake faruwa, tunda ba mu da furinta a gida, ba kuma zan iya hana yara zuwa shagon buga takardu ba? Allah ya saka da alheri.

Injiniya Zazzau ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Ka kwantar da hankalinka game da takardun, domin a irin wannan cutar galibi suna nan cikin filash ɗin, ba a goge su ba. Abin da bayros ɗin yake yi shi ne ya ɓoye ainihin foldodinka, ya ƙirƙiri na bogi masu ɗauke da sunayensu, waɗanda ka gani da kibiya a gefe. Idan ka danna ɗaya, sai ta fara tayar da bayros ɗin da ke laɓe a filash, sannan ta buɗe maka foldarka ta gaskiya don kada ka zargi komai. Lokacin da baƙar tagar nan ta bayyana ta ɓace, a lokacin ne ya kwafi kansa zuwa kwamfutarka, ya kuma shigar da kansa cikin jerin abubuwan da ke tashi tare da Windows. Saboda haka yanzu kwamfutarka ce ke shafa wa kowane filash, ba shagon ba.

Wannan dabara ta yi ƙarfi ne bayan an toshe wata tsohuwar kafa. A da, da zarar an sa filash, Windows kan iya tayar da abin da ke ciki da kanta, kuma wannan na cikin hanyoyin da bayros ɗin Conficker ya bi ya mamaye miliyoyin kwamfutoci a 2008 da 2009. Microsoft ta hana hakan a Windows 7, ta kuma tura gyaran ga XP da Vista a 2011. Daga nan masu rubuta irin wannan bayros suka koma dogaro da hannun mai kwamfuta, wato sai ya danna da kansa sannan su samu shiga.

Ka fara da wanke kwamfutar kafin ka taɓa filash ɗin, in ba haka ba za ka gyara shi da safe ya sake lalacewa da rana. Ka shiga Settings, ka buɗe Apps, ka cire duk antibayros ɗin da aka ɗora maka, har da wanda ka tarar a ciki lokacin da ka saye ta. Tara su a kwamfuta ɗaya ba ya ƙara tsaro. Kowanne yana son shi ne zai fara duba duk fayil ɗin da aka buɗe, sai su riƙa cin karo da juna, su cinye ƙarfin kwamfutar, wani lokaci ma ɗaya ya kama ɗan'uwansa a matsayin bayros. Nauyin da kake gani wajen tashi daga nan yake. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba: Windows 10 tana zuwa da nata antibayros mai suna Microsoft Defender, amma da zarar an ɗora wani daban sai ya janye ya bar masa aikin. Idan wanda aka ɗora ɗin na sata ne, ko ya daina karɓar sabbin bayanai, to kwamfutar ta zama ba ga tsuntsu ba ga tarko.

Bayan ka cire su ka sake kunna kwamfutar, ka buɗe Windows Security, ka shiga Virus & threat protection, ka tabbata kariyar tana kunne, sannan ka haɗa intanet ka sabunta ta. Kafin ka fara bincike, ka shiga Manage settings, ka gangara zuwa Exclusions. Nan ne ake rubuta foldodin da aka ce wa Defender kada ya leƙa. A kwamfutocin da ake kawo mini na sha tarar da an rubuta dukan faifan C a wurin, wanda ma'anarsa ita ce antibayros ɗin yana kunne amma an hana shi duba komai. Duk abin da ka gani a jerin wanda ba kai ka sa ba, ka cire shi. Daga nan ka zaɓi Scan options, ka danna Microsoft Defender Offline scan. Kwamfutar za ta mutu ta tashi da kanta, ta yi bincike na kimanin minti 15 kafin Windows ta gama buɗewa, lokacin da bayros ɗin bai samu damar tashi ya kare kansa ba. Ka tabbata batirin yana da caji ko akwai wuta, kada ta mutu a tsakiyar aikin. Idan kana son ƙarin tabbaci, ka sauke Malwarebytes na kyauta daga shafin kamfanin, ka yi bincike sau ɗaya da shi, sannan ka cire shi.

Yanzu sai filash. Ka sa shi, kada ka danna komai a ciki, ka duba harafin da Windows ta ba shi, a ce E ne. Ka bar Defender ya bincike shi tukuna. Sannan ka buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta wa Windows umarni, ka rubuta wannan daidai yadda yake, ka danna Enter:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Wannan umarni yana cire alamar ɓoyewa da aka sa wa foldodinka. Za ka ga sun dawo, wani lokaci a cikin wata folda marar suna. Ka kwashe takardunka da hotunanka kaɗai zuwa kwamfuta, ka bar duk abin da sunansa ya ƙare da .lnk ko .vbs ko .exe, sannan ka yi wa filash ɗin fomatin, wato ka goge duk abin da ke cikinsa.

Maganar sayen na kuɗi kuwa, ba dole ba ne ga kwamfutar gida. Cibiyoyin da ke gwada waɗannan manhajoji ba tare da suna sayar da nasu ba, irin su AV-TEST a Jamus da AV-Comparatives a Ostiriya, sun daɗe suna sa Defender cikin sahun waɗanda ke kama bayros da kyau. Na kuɗin ba su da laifi, wasu suna da ƙarin abubuwa masu amfani, sai dai ba rashin su ne ya jawo maka wannan matsala ba. Na kyauta na wasu kamfanoni kuma akwai abin lura a kansu: a 2024 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin Avast biyan dala miliyan 16.5 saboda sayar da bayanan shafukan da masu amfani da manhajarsa suke ziyarta.

Ummu Salma ta amsa:

Sannu da ƙoƙari, Injiniya. Na yarda da duk abin da ka faɗa, sai dai ina ganin da sauran rina a kaba, domin ba ka taɓo maganar sabunta Windows ɗin kanta ba, alhali a wurina ita ce ta fi antibayros muhimmanci.

Ba kowane bayros ne yake jiran a danna shi ba. Akwai masu shiga ta kurakuran da ke cikin babbar manhajar, kuma maganinsu kawai shi ne gyaran da Microsoft ke turowa, galibi a Talata ta biyu ta kowane wata. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne WannaCry, wanda ya ɓarke ranar 12 ga Mayun 2017, ya kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa ɗage ganin marasa lafiya da ayyukan tiyata. Microsoft ta riga ta fitar da gyaran wannan kafa tun watan Maris na shekarar, wato wata biyu kafin ɓarkewar. Waɗanda abin ya shafa su ne waɗanda ba su sabunta ba, da waɗanda ke kan tsofaffin Windows da aka daina kulawa da su.

Na san dalilin da ya sa ake kashe sabuntawa a wurinmu, tsadar data ce, kuma ba ƙaramin dalili ba ne. Masu sayar da kwamfuta ta hannu da yawa sukan kashe ta tun a shago don kada mai saye ya dawo yana ƙorafin cewa kwamfuta na shanye masa data. Mafita ita ce a tsara lokacinta, ba a kashe ta ɗungurungum ba. Idan da wayarka kake haɗa kwamfutar, ka shiga saitin wannan haɗin ka kunna Metered connection, sai Windows ta daina sauke manyan abubuwa ba da saninka ba. Sau ɗaya a wata kuma ka sayi datar dare, wadda ta fi araha, ka shiga Windows Update ka danna da hannunka. Burauzar da kuke shiga intanet da ita, Chrome ce ko Edge ko Firefox, ita ma a bar ta tana sabunta kanta.

Akwai kuma batun da ya shafe ka kai tsaye, Malam. Microsoft ta daina tura wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum tun ranar 14 ga Oktoban 2025, kamar yadda ta daina wa Windows 7 a Janairun 2020. Ta buɗe wani shirin ƙarin wa'adi ga masu kwamfutar gida har zuwa 13 ga Oktoban 2026, kuma ana iya shiga ba tare da biyan kuɗi ba idan mutum ya haɗa kwamfutar da asusun Microsoft ya yarda a adana saitinta a can. Sharaɗin shi ne Windows ɗin ta kasance zubin 22H2. Ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta winver, za ka ga wanda kake da shi. Bayan wa'adin, ko dai a koma Windows 11 idan kwamfutar za ta ɗauka, domin tana buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0 da masarrafi wanda bai tsufa sosai ba, ko kuma a ɗora Linux Mint, wata babbar manhaja da ke maye gurbin Windows, wadda kyauta ce kuma ta wadatar wajen rubutu da lissafi da shiga intanet.

Abu Hanifa ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Injiniya da Malama. Takardun sun dawo, alhamdu lillah, kwamfutar ma ta yi sauƙi bayan na cire waɗancan manhajoji. A wurin Exclusions na tarar da folda biyu, ɗaya sunanta ya fara da KMS. Da na cire su na yi binciken, Defender ya kama abubuwa da dama a cikinta, kuma tun daga lokacin Word da Excel suka fara nuna cewa ba su da lasisi. Na kira wanda ya sayar mini da kwamfutar, ya ce wannan ba bayros ba ne, abin da ke buɗe Office ne kawai, in mayar da shi yadda yake. Windows Update kuma a kashe na same ta.

Shin in mayar, ko in bari? Abin da ya fi damuna shi ne, imel ɗina da Facebook da shafin bankin uwargida duk a buɗe suke a Chrome, ba ma rubuta kalmar sirri idan za mu shiga.

Abdul Tsaro ya amsa:

Kada ka mayar, ranka ya daɗe. A ganina abin da ka gano yanzu ya fi bayros ɗin filash haɗari nesa ba kusa ba.

Mai sayarwar bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Irin waɗannan manhajoji an ƙirƙire su ne don su yaudari Windows da Office su ɗauka an biya lasisi, kuma Defender yana kama su ko da ba a cusa musu komai ba. Matsalar ita ce babu wanda zai iya ba ka tabbacin cewa kwafin da ke kwamfutarka tsarkakakke ne. Ba daga wani kamfani da za a iya tuhuma ake sauke su ba, daga shafukan da ba a san masu su ba ne, sannan su yi ta yawo daga filash zuwa filash a tsakanin masu gyara. Umarnin farko da ke zuwa tare da su kuma kullum ɗaya ne: kashe antibayros, sannan ka ba manhajar cikakken iko. Mai son cusa maka mugun abu ba ya buƙatar fiye da haka.

Abu biyu aka fi ɓoyewa a cikin fasassun manhajoji da wasannin sata. Na farko shi ne bayros mai garkuwa da bayanai. Wanda ya fi addabar masu kwamfutar gida shi ne STOP, wanda ake kuma kira Djvu, da ya bazu tun 2018 ta wannan hanya. Yana kulle takardu da hotuna da bidiyo, ya ƙara wa sunan kowane fayil wasu haruffa a ƙarshe, ya ajiye wata takarda mai suna _readme.txt inda ake neman kuɗin fansa dala 980, ko 490 idan an tuntuɓe su cikin awa 72. A nan umarnin attrib ba ya amfani, domin ba ɓoye fayilolin aka yi ba, an hargitsa abin da ke cikinsu ne da mabuɗin da ke hannun ɓarayin. Kamfanin Emsisoft ya fitar da manhajar kwancewa kyauta a 2019, akwai kuma shafin No More Ransom da 'yan sandan Turai da na Holan suka kafa tare da kamfanonin tsaro a 2016, amma idan bayros ɗin ya samu intanet lokacin da yake kullewa, ya karɓo mabuɗi na musamman domin kwamfutarka, to waɗannan ma ba sa iya buɗewa. Biyan fansar kuma ba ya tabbatar da za a ba ka mabuɗin.

Na biyu shi ne ɓarawon kalmomin sirri, kuma shi ne ya shafi tambayarka. Wannan ba ya nuna alama ko kaɗan, kwamfuta ba ta nauyi, fayil ba ya ɓacewa. Cikin ɗan lokaci kaɗan zai kwashe duk kalmomin sirrin da burauza ta adana, da 'yan fayilolin da ke sa shafi ya gane ka ba sai ka sake shiga ba, ya tura wa masu shi, su kuma su sayar. A watan Mayun 2025 Microsoft ta sanar cewa ta gano kwamfutoci sama da 394,000 da wani mai suna Lumma ya kama cikin wata biyu kacal. Ba ina cewa lallai an sace naku ba ne, amma kwamfutar da ta zauna da antibayros a ɗaure da sabuntawa a kashe tun ranar da aka saye ta, sai a ɗauke ta a matsayin wadda aka shiga har sai an tabbatar da akasin haka.

Don haka ka ɗauki wayarka, ba kwamfutar ba, ka canza kalmar sirrin imel ɗinka da farko, domin ta imel ake sake buɗe duk sauran asusun. A cikin saitin tsaro na Google da na Facebook akwai inda ake ganin na'urorin da ke cikin asusun, ka fitar da duka, sannan ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Uwargida ta canza ta banki, ta duba shigar kuɗi da fitarsu na watannin baya, idan ta ga abin da ba ta gane ba ta je reshen bankin da kanta. Kada kalmar sirri ɗaya ta yi aiki a wuri biyu.

Kwamfutar kuwa, da tawa ce da na sake ɗora mata Windows daga tushe. A shafin Microsoft akwai Media Creation Tool, wata manhaja ta kyauta da ke mayar da filash mai girman aƙalla gigabait 8 ya zama na ɗora Windows, kuma ya fi kyau a shirya shi a wata kwamfuta mai lafiya. Yawancin kwamfutocin HP da Dell da Lenovo da aka ƙera tun zamanin Windows 8 suna da lasisin Windows a rubuce cikin allon injinsu, don haka idan aka ɗora irin wadda suka zo da ita, Home ko Pro, da kanta take buɗewa ba tare da wata dabara ba. A madadin Office na sata akwai LibreOffice, kyauta ne kuma halal, yana buɗe fayilolin Word da Excel, zai ishe ka shirya jarrabawa ya ishi uwargida lissafi. Word da Excel ɗin kansu ana amfani da su kyauta ta burauza idan akwai asusun Microsoft da intanet.

Kafin ka yi komai daga cikin wannan, ka kwafi takardunku zuwa wani faifan waje, kuma ka mayar da hakan al'ada. Sharaɗin shi ne a zare faifan a ajiye bayan an gama kwafa, domin bayros mai garkuwa yana kulle duk abin da ya tarar a haɗe da kwamfuta. Abubuwan da ba za su maimaitu ba, irin su sakamakon ɗalibai da takardun shaida da hotunan iyali, a ƙara musu kwafi a Google Drive, wanda ke ba da gigabait 15 kyauta.

Maman Walida ta amsa:

Ni ba injiniya ba ce, uwa ce mai yara da kwamfuta ɗaya, kuma ta wannan fuskar nake so in sa baki. Duk gyaran da za ka yi, Malam, idan kowa a gidan da asusu ɗaya yake shiga, kuma asusun nan mai cikakken iko ne, to ba za a daɗe ba za a koma gidan jiya. Ka buɗe wa yara nasu asusun na Standard user a cikin Settings, ka riƙe na Administrator da kalmar sirrin da kai kaɗai ka sani. Duk lokacin da wani abu ya nemi ɗora kansa a kan kwamfutar baki ɗaya, sai Windows ta tambayi kalmarka, dole yaro ya zo ya same ka, kai kuma ka tambaye shi daga ina ya samo. Wannan bai toshe komai da komai ba, amma yana rage ɓarna sosai, sannan yana raba burauzarsu da taka, kalmomin sirrinku ba sa zama a gabansu.

Ka kuma zaunar da su ka nuna musu yaudara biyu da suka fi cin karo da su a shafukan sauke fina-finai da wasanni. Ta farko ita ce sanarwar da ke fitowa a kusurwar allo da jan rubutu, tana cewa an gano bayros biyar a kwamfutarka, ka danna nan a wanke. Ba daga antibayros take ba, daga wani shafi ne da aka taɓa danna masa Allow lokacin da ya nemi izinin turo sanarwa. Ana cire ta a saitin burauza, ƙarƙashin Notifications. Ta biyu ta fi sabunta kuma ta fi muni: shafi zai ce ka tabbatar kai mutum ne, sai ya umarce ka ka danna maɓallin Windows da R, sannan Ctrl da V, sannan Enter. Wanda ya bi wannan umarni, da hannunsa ya tayar da bayros ɗin da shafin ya riga ya kwafa masa a ɓoye. Babu shafin gaskiya da ke neman haka.

Wani ƙaramin abu da ya taimaka mana shi ne kunna File name extensions a cikin View na File Explorer, don a riƙa ganin ƙarshen sunan kowane fayil. Wanda aka turo a matsayin takardar ɗaukar aiki ko sakamakon jarrabawa, idan sunansa ya ƙare da .pdf.exe, to ba takarda ba ce.

Ɗan Kasuwa ya amsa:

Ina da ja a kan cewa a cire duk wani antibayros a bar Defender kaɗai. Muna da shagon buga takardu, filash iri-iri ake kawo mana daga safe har dare, kuma Smadav ne muke gani yana kama wannan bayros mai ɓoye folda, ya kuma dawo da fayilolin da kansa ba sai an rubuta wani umarni ba. Mutumin da bai saba da Command Prompt ba ai wannan ya fi masa sauƙi.

Injiniya Zazzau ya amsa:

Maganarka tana kan hanya, Alhaji, kuma ba ta ci karo da tawa ba sosai. Smadav manhaja ce daga Indunusiya, kuma masu ita da kansu suna gabatar da ita ne a matsayin kariya ta biyu wadda ta fi mayar da hankali kan filash, an ƙera ta ta zauna tare da babban antibayros. Ba irin waɗanda na ce wa Malam ya cire ba ce, masu ƙwace aikin Defender. A shago irin naku tana da amfani, muddin daga shafin masu ita aka sauke ta, ba kwafin da aka fasa don a samu na kuɗi a banza ba, kuma muddin Defender yana kunne yana karɓar sabuntawa. Inda nake ja shi ne inda ake ɗaukar koren tambarinta a ƙasan allo a matsayin shaidar cewa kwamfuta ta tsira, alhali Windows Update a kashe take shekara da shekaru.

Ga tambayarka ta zuwa shagon buga takardu kuwa, Malam, wadda ban amsa ba tun farko. Hanya mafi sauƙi ita ce filash ya daina zuwa shago. Yarinyar ta adana aikinta a matsayin PDF, ta tura wa mai shagon ta WhatsApp ko imel, yawancinsu suna karɓa yanzu, kuma PDF yana hana rubutun hargitsewa a kwamfutar da ba taku ba. Takardun jarrabawa da sakamakon ɗalibai kam ban ba da shawarar a tura su wayar wani ba. Don irinsu ka ware filash ɗaya ƙarami wanda ba ya ɗauke da komai sai abin da za a buga a ranar. Idan ya dawo gida kada a buɗe shi, a danna masa maɓallin dama na linzami daga This PC a zaɓi Format, tunda asalin takardar tana nan a kwamfuta. Idan akwai abin da mai shagon ya sa a ciki wanda ake buƙata, kamar takardar da aka yi wa sikanin, sai a zaɓi Scan with Microsoft Defender tukuna, a kwafi wannan fayil ɗin shi kaɗai, sannan a goge sauran.